Matatar yashi ta Intex a kwamin wankan tsakar gida: yadda na same ta

Kwamin wankanmu irin na roba ne mai ƙafafun ƙarfe da ake kafawa a doron ƙasa, faɗinsa mita 4.57, zurfinsa mita 1.22, yana cin ruwa kusan lita 16,800. Tare da shi aka haɗo mana wani ƙaramin inji mai matatar takarda, irin mai lanƙwashe-lanƙwashe da ake zurawa cikin gwangwani. A ƙasar da ba ƙura wataƙila ya wadatar. A Kano kuwa, da hunturu ya kama, kafin mako ya zagayo takardar ta koma ruwan ƙasa, ruwan da ke dawowa cikin kwamin ya zama ɗan tsirit. Ko a ƙa'ida bayan mako biyu ake sauya irin wannan takarda, kuma ba kowane shago ke ajiye ta ba. Wannan ne ya sa na koma ga matatar yashi ta Intex, samfurin Krystal Clear mai tulu inci 12.

Aikinta ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Inji ya zuƙo ruwa daga kwamin, ya tura shi ta saman yashin da ke cikin tulun, datti ya maƙale, ruwa ya fita ta ƙasa ya koma. Abin da ya fi burge ni shi ne ƙarfin juya ruwa. A kwali an rubuta lita 7,900 a awa, amma wannan ƙarfin injin ne shi kaɗai. Idan ruwa ya bi ta yashi da tiyo, abin da ake samu kusan lita 6,000 ne. Wannan lamba ta biyu ita ya kamata mai saye ya duba. Da ita, ruwan kwaminmu gaba ɗaya yana ratsa yashin cikin ƙasa da awa uku. Ga wanda bai san lokacin da za a kawo wuta ko a ɗauke ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne: ko da daddare aka kawo ta na ɗan lokaci, an yi aikin ranar. Ƙaramin janareta ma yana ɗaukarta.

Batun yashi ne inda mutane ke son yin arha, kuma nan ne bai kamata ba. Tulun yana cin kilo 23 na yashin silika mai lamba 20, wanda ƙwayarsa ke tsakanin milimita 0.45 da 0.85. Yashin gini ko na bakin rafi ba zai yi ba. Mai laushin cikinsa zai bi ruwa ya zube a gindin kwamin, lakarsa kuma ta dunƙule ta toshe hanya. Idan an zuba na gaskiya, ana iya shekara biyar ba a sauya ba.

Kula da ita ya rataya ne a kan ɗan agogon matsi da ke jikin murfin. Muddin allurar na kan kore, a bar ta ta yi aikinta. Da ta haura zuwa ruwan ɗorawa, yashi ya ƙoshi da datti. Sai a kashe injin, a danna hannun da ke sama a juya shi zuwa inda aka rubuta Backwash, wato wankin yashi ta hanyar juya ruwa baya, a kunna. Ruwan da ke fara fitowa ta bututun zubarwa kamar kunun kanwa yake, kauri da launi, sannan a hankali ya washe. Daga nan a sake kashewa, a juya zuwa Rinse, wato ɗauraya, na minti guda don yashin ya kwanta, a mayar kan Filter. Kada a taɓa juya hannun nan inji na aiki, robar da ke ciki ce za ta tsage, ruwa ya riƙa bin hanyar da ba tasa ba.

To amma wankin nan da tsadarsa. Kowane minti kusan lita 100 ke tafiya, wato wanki ɗaya yana iya cinye jarka goma ko fiye. Mai burtsatse a gida ba zai ji ba, amma wanda ke saye wajen 'yan ga-ruwa a watan Afrilu sai ya yi lissafi. Sannan yashi ba ya kama ƙura mai laushi sosai kamar yadda sabuwar takarda ke kamawa. Ranar da hazo ya yi yawa, nakan ga wani siririn gari ya kwanta a ƙasan kwamin, sai an bi da abin zuƙa. Rufe kwamin da tamfol da yamma ya rage min wannan aiki fiye da komai.

Matata dai datti take cirewa, ba ta kashe ƙwayoyin cuta. Idan aka yi sakaci da kulorin, maganin da ke kashe su, gansakuka za ta mayar da ruwan kore ko inji na ta ruri. Ina riƙe kulorin tsakanin 1 da 3 a takardar gwaji, ma'aunin pH kuma, wato na tsamin ruwa, tsakanin 7.2 da 7.6. Kuma ba na barin yara su shiga sai an zare filogi, komai kukan da za su yi.

Mai niyyar saye ya duba jikin injin da kyau kafin ya biya. Wanda aka yi wa kasuwar Amurka wutar 110 zuwa 120 yake sha, tamu kuwa 230 ce, kuma ana samun irin waɗannan cikin kayan gwanjo. A nemi mai 220 zuwa 240, a tabbatar bakin tiyonsa na milimita 38 ya dace da kwamin, in kuma na 32 ne a jikin kwamin, a sayi mahaɗin tun a shagon.