Darasin dare na jaka biyar: abin da na samu a wata tara

Tun da sakamakon BAC, jarabawar gama sakandare, ya fito, iyayen ƴan unguwa ke tare ni a hanya: "Ƴata, wurin nan da kike zuwa darasin dare, yana da amfani kuwa?" Kafin in kama hanyar Yamai, Jami'ar Abdou Moumouni, bari in amsa gaba ɗaya.

Wurin wani gida ne nan Tawa, ɗaki biyu da rumfar kwano. Malamai uku ne suka haɗa kai suke koyar da ƴan tarminal, ajin ƙarshe na lise, seri D ta kimiyya, daga bayan magariba zuwa ƙarfe goma saura. Jaka biyar ne a wata. Baba ya yi ta gunaguni ran da na faɗa masa, ya ce shekara goma sha biyu ina zuwa lakkol, me aka koya mini da sai an biya na ƙari? Ban iya ba shi amsa ba a lokacin.

Amsar ita ce, tun daga CI, ajin farko na firamare, har na wuce BEPC, jarabawar gama kolej, abin da na iya shi ne kwafa. Mushe ya cika allo, mu cika kaye, mu haddace, mu juye ranar jarabawa. A ajinmu na lise mun fi saba'in, uku-uku a tebur, wanda ke baya ko alli ba ya gani sosai. Ban taɓa ɗaga hannu na ce ban gane ba, don kunya.

Mushen lissafi na darasin dare shi ya karya mini wannan. Mu ashirin da ƴan kai ne, ba wurin ɓuya. Sai ya miƙo miki alli ya koma bencin baya ya zauna, ya harɗe ƙafa, yana kaɗa makullin babur ɗinsa. In kika yi kuskure ba ya gyarawa, sai ya ce, "To, daga ina wannan biyun ta faɗo? Daga sama?" Ranar farko na tsaya minti goma gaban allo, hannuna duk gumi, allin har ya jiƙe. Ranar na yi kuka a gida. Zuwa watan Fabrairu ni ke roƙon a ba ni allin. Kuma in faransanci ya toshe mana kai, sai ya juya da Hausa, ya ce ku ɗauka buhunan gero ne.

Malamar SVT, ilimin halittu da na ƙasa, ma ba laifi, tana sa mu yin tsofaffin tambayoyin BAC da agogo a tebur.

Na fizik kuwa, Allah ya shirya shi. Sau biyu a mako ya kamata ya zo, wani makon ko inuwarsa ba mu gani, kuma ba a taɓa rage mana ko dala ba. Ga kuɗin fotokofi da ba a faɗa maka da farko, dala biyar kowace takarda, kafin ƙarshen wata ka ga wata jakar ta tafi.

Sai zafi. A Afrilu da Mayu kwanon nan yana riƙe wuta har dare, fanka ɗaya ce, in kuran ya ɗauke kowa ya kunna fitilar wayarsa. Ni fitila mai cajin rana na saya. Ƴan mata kuma a yi lissafin kuɗin kabu-kabu na komowa, ko a samu mai rakiya. Ni yayana ne ke zuwa ɗaukata, kullum da mita.

Wanda zai shiga ya shiga tun Oktoba. Waɗanda suka zo a Mayu neman ceto, mushe ya karɓe su, amma ba su taɓa riƙe allin ba.

Ƙanwata za ta shiga tarminal bana. Na ce wa Baba ya biya mata lissafi da SVT, fizik ta nemi wani wuri. Fitilar ma na bar mata.