Sharhi: kayan gyaran kujerun fata, mako shida bayan na gwada su a motata

A ƙarshen damina na sayi Camry ƙirar 2010, ta hannu. Inji lafiya lau, giya ba ta gardama, amma kujerun sun sha jiki. Fata ce ruwan madara, ta bushe ƙamas, gefen kujerar direba inda ake gogawa wajen shiga da fita ya ƙurje har launin ya tashi, mazaunin kuma ya yi tsage-tsage kamar diddigen da ya yi faso. Da hunturu ya kunno kai sai abin ya ƙaru. Da safe in na zauna har ƙara nake ji.

Mai ɗinkin kujeru ya ce a yaye ta gaba ɗaya a sa leda. Raina bai so ba, domin ledar nan a zafin bazara ba ta zaunuwa, kuma fatar asali ko ta tsufa ta fi ta daraja. Sai na yi odar wasu kaya ta intanet daga Legas: kwalbar ruwan wanke fata, kwalbar man sa laushi, ɗan gwangwanin abin cike tsaga, da ƙaramar kwalbar rini. Duka kuɗin bai kai rabin abin da mai ɗinki ya nema ba.

Kafin in fara na nuna wa wani dattijo baduku a unguwarmu, wanda ya yi shekaru yana ɗinka jaka da takalmi. Ya ɗiga ruwa a kan kujerar, ya tsaya yana kallo. Ruwan ya tsaya cak bai shige ba. Ya ce, "Malam, wannan ba irin fatarmu ta majema ba ce da ake jemewa da bagaruwa. An yi mata fenti, an kuma rufe ta da wani abu a sama. In ka lafta mata mai, a bisa zai zauna." Na ce, "Baba, to man kaɗe fa? An ce yana yi." Ya girgiza kai, ya ce ƙura kawai zai tara mini, ya ɓata wa mutane tufafi. Gaskiyarsa ce. Mafi yawan fatar mota ta zamani haka take, da launi da rufin kariya a samanta, gefuna da bayan kujerar ma galibi leda ce mai kama da fata.

Ruwan wankin shi ne ya fi burge ni, nesa ba kusa ba. Na zuƙe ƙurar da ke cikin ɗinki tukuna, sannan na fesa shi a buroshi mai laushi, ba a kan kujera ba, na riƙa murzawa a hankali daidai faɗin tafin hannu biyu, in goge da farin tsumma. Tsumman farko baƙi ƙirin ya koma. Ashe sheƙin da nake gani a kujerar direba da sitiyari ba kyau ba ne, gumi ne da maiƙon jiki da man sheƙin da masu wankin mota ke fesawa suka taru suka yi danƙo. Fata mai tsabta ba ta walƙiya, dishi-dishi take. Abin da ya fi ba ni mamaki, rabin tsagar da na ɗauka fashewa ce ashe dauɗa ce ta kwanta a cikin lanƙwasa. Kujerun gaba biyu sun ci mini wajen awa uku, ban yi nadama ba.

Man laushin na shafa shi da soso, kaɗan-kaɗan, na bar shi ya kwana a inuwa, da safe na goge ragowar. Karon farko bambancin bai taka kara ya karya ba. Sai a shafa ta uku, bayan kwana goma, na ji fatar ta saki, ƙarar nan ta daina. A wurin da fatar ke da ƙananan hudoji kuwa na yi ganganci, na zuba da yawa ya toshe su ya yi fari, sai da na bi su da tsinken sakace ɗaya bayan ɗaya. Wanda zai saya ya sani, man ba ya mayar da launin da ya tafi kuma ba ya haɗe tsaga. Aikinsa laushi ne kawai.

Ƙurjewar sai da rini. A nan ne ake bukatar haƙuri, kuma a yi shi kafin a shafa mai a wurin, in ba haka ba rinin ba zai kama ba. Na goge gefen da sanfefa mai laushi sosai, na cike tsagar siriri-siriri sau uku, ina busarwa da na'urar busar da gashi ta uwargida, sannan na riƙa dangwala rinin da soso maimakon in ja shi. Launin ya ɗan fi na kujerar haske, saboda shekarun da rana ta yi tana dukanta sun sauya ta. Wanda bai sani ba ba zai lura ba, ni dai ina gani in rana ta haska ta gefe.

Yau mako shida ke nan. Laushin yana nan, rinin bai ɓare ba duk da shiga da fita da nake yi kullum da manyan kaya. Na sayi abin tare rana na gilashin gaba, ina kuma neman inuwa duk inda zan ajiye ta, domin a watan Afrilu da zafin Kano ke haura digiri 40, cikin motar da aka rufe a rana ya fi haka nesa. Duk Juma'a ina bin kujerun da tsumma mai ɗan danshi saboda ƙurar hunturu, wadda ita ce ke cin fatar kamar sanfefa duk lokacin da aka zauna.

In fatar kujerarka bushewa ta yi da ƙurjewar sama-sama, ka sayi kayan nan, ka ware Asabar guda. Akwai wata tsaga mai tsawon ɗan yatsa a kujerar baya da ta huda har soson ciki yana leƙowa. Ita ban taɓa ta ba, Baba ya ce in kawo masa motar ranar Lahadi ya sa mata faci ta ciki.