Masu zuwa gida jinya da muka ɗauka wa Hajiyarmu a Agege: abun da suka iya da inda suka gaza

In ana tambaya ko ɗaukar masu zuwa gida jinya daga kamfani yana da amfani, amsar a taƙaice ita ce eh, sun ci kuɗinsu, kuma in da za a koma baya zan sake ɗaukarsu, amma fa akwai gyara, gyara mai yawa ma. Ba zan kira sunan kamfanin ba tunda zan faɗi laifinsu, kuma ba tallar kowa nake yi ba, ire-irensu suna nan da yawa a Legas yanzu, abun da zan faɗa zai iya yi wa mutum amfani ko wanne ya ɗauka.

Hajiya ta daɗe da hawan jini da ciwon suga, sai kuma shanyewar ɓarin jiki ta same ta, ɓangaren dama, hannu da ƙafa suka saki magana ma ta sarƙe. Bayan an sallamo mu daga asibiti shi ne muka gane ashe a gida aikin yake. Ni ina aiki a Ikeja, Yaya yana kasuwar Mile 12 wajen albasa tun kafin asuba ya fita, autarmu tana makaranta, su Anti kuma duk suna Arewa da gidajensu. Da a gida ne ai ba a rasa mai zama, wannan ta shigo waccan ta fita, amma Legas kowa ta kansa yake yi, maƙociyarka ma da kyar ku haɗu a mako.

Da maganar ta je kunnen Gwaggo sai ga kira, wai yanzu Hajiya da 'ya'yanta a raye amma bare ce za ta dinga yi mata tsarki, me duniya za ta ce. Na fahimce ta wallahi, ni ma abun ya tsaya mun a rai. Amma mu ɗin da muke sonta ba mu san yadda ake ɗaga mutumin da rabin jikinsa ba ya motsi ba, ta hannun da ya shanye muke jan ta tana kuka muna cewa sannu Hajiya, ashe kafaɗar muke neman gocewa. Ban ga ta inda barinta a hannun da bai iya ba ya zama biyayya ba.

Ranar farko wata babbar nas suka turo, ba ita ce mai zaman ba, ita dubawa kawai ta zo yi. Kafin ta zauna na ce Sista don Allah in ga takardarki, ba ta ji haushi ba ta ciro lasisinta na hukumar nas-nas da ungozoma ta Najeriya ta nuna mun. Wannan ku riƙe shi da kyau, domin a garin nan duk wadda ta sa farin kaya Nas ake ce mata, alhali akwai nas mai rajista, akwai mai kula wadda aka koya mata wanka da ciyarwa da juya mara lafiya, akwai kuma wadda ta yi zaman wani ƙaramin asibiti ko kemis ta koyi allura da ido. Kuɗinsu ba ɗaya ba, aikinsu ba ɗaya ba. Mai kula ba ta da hurumin sa robar fitsari ko ɗaura ruwa. Kuma jihar Legas tana da hukumar HEFAMAA mai yi wa cibiyoyin lafiya rajista da sa musu ido, to ku tambayi kamfani takardunsa, wanda ya fara kame-kame ku rabu da shi.

Matar nan ta ce a kawo mata duk wani magani da ke gidan, muka juye mata leda guda a kan tabarma, ta ware wanda likita ya rubuta, ta ware wanda kwanansa ya wuce, ta ware na ciwon jiki da ake saya a kemis ta ce wannan kar ya sake zuwa kusa da Mama. Ta leƙa banɗaki ta ga tayil mai santsi ta ce a samo kujerar roba da tabarmar da ba ta zamewa. Daga nan ta ce in taimaka mata mu juya Hajiya, ta ɗaga zani ta haska fitilar waya a ƙasan bayanta daidai ƙugu, ta ce zo ki gani. Ni ban ga komai ba sai wani ɗan wuri da ya fi sauran fatar duhu, faɗinsa bai kai tafin hannu ba. Ta kama yatsana ta ɗora a wajen, na ji ya fi gefensa ɗumi da tauri. Ta ce wannan shi ne farkon gyambon kwanciya, a jikin farar fata ja yake yi a gan shi da wuri, mu masu duhun fata sai an lura sosai, in aka bar shi fatar za ta buɗe ta yi rami har ƙashi. Jikina ya yi sanyi, don mu a tunaninmu barinta ta kwanta shiru shi ne hutu.

Tun daga ranar aka manna takarda a bango, duk awa 2 a juya ta, dama, baya, hagu, a rubuta lokaci a sa hannu, filo tsakanin gwiwoyi, wani a ƙarƙashin ƙwauri don diddige ya daina taɓa katifa. Ba a murza wajen, ba a shafa man zafi, zanin gado kar ya yi laima ko ya tattare. Wajen nan bai fashe ba har ya koma daidai, kuma ko wannan kaɗai suka yi mana na yafe kuɗina.

Wadda take zaman yini Bayarabiya ce mai haƙuri, Mama take ce wa Hajiya, Hajiya kuma 'yar nan take ce mata. Ita ta hana mu ba ta abinci a kishingiɗe. Ta ce mai shanyewar jiki haɗiya tana yi masa wuya, ruwa tsinkakke ma ya fi saurin sarƙe shi, in ya bi ta hanyar iska ya sauka huhu sai namoniya, don haka a zaunar da ita sosai, ƙaramin cokali, kunu mai kauri, a jira ta haɗiye kafin a ƙara, in an gama kuma ta zauna kaman minti 30 kafin ta kwanta. Tarin nan da Hajiya take yi in tana shan ruwa mu mun ɗauka mura ce.

Abun da ya fi burge ni da su shi ne ba sa ɓoye saninsu, duk abun da suke yi sai sun ce zo ki gani, riƙe nan, gwada da kanki. Awon jini ma ashe yana da ƙa'ida, mutum ya zauna ya huta kaman minti 5, baya a jingine, hannu daidai ƙirji, ba a magana, sannan a rubuta a littafi safe da yamma don ranar ganin likita a tafi da shi. In yana kaiwa 140/90 ko sama a kai a kai to hawan jini ne ko da mutum ba ya jin komai. Suga kuma mu hawansa kawai muke tsoro, sai nas ta ce saukarsa ta fi saurin kisa, in ya yi ƙasa da 70 mutum ya fara gumi da rawar jiki da ruɗewa a ba shi abu mai zaƙi nan take matuƙar yana iya haɗiya, in kuma ya suma kar a ɗura masa komai a baki sai asibiti.

Gishiri ne muka sha daru a kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kar babban mutum ya wuce giram 5 a rana, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya kenan, kuma har da wanda ke cikin dunƙule da yaji da kilishi da indomi, ba wanda ake barbaɗawa kaɗai ba. Miyar kukarmu da ake jefa wa dunƙule ba lissafi sai ga ta ta koma daddawa da citta da tafarnuwa. Makon farko Hajiya ture kwanon take yi tana hararata, yanzu kowa a gidan ita yake ci, tukunya ɗaya.

Wata ranar Lahadi nas ta zo duba ta ta tarar da mu duka a gida, sai ta ce kowa ya miƙo hannu. Yaya yana dariya yana cewa shi lafiyarsa ƙalau ko ciwon kai ba ya yi, aka auna aka sake aunawa, nasa ya fi na Hajiya hawa. Ta tambaye shi me yake sha, ashe kullum in ya dawo kasuwa sai ya haɗiyi maganin ciwon jiki irin su diclofenac, ga lemon ƙara kuzari da rana, ta ce masa irin waɗannan ƙwayoyin suna ɗaga jini suna taɓa ƙoda, ya je ya ga likita cikin satin nan. Ya je, yanzu yana kan magani. Ta kuma sa muka haddace alamomin shanyewar ɓarin jiki: baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki, magana ta sarƙe, to ba jira, ba a cewa bari a ga safiya, akwai allurar narkar da gudan jini da ba ta aiki sai cikin awa 4 da rabi daga farawar abun kuma sai an yi hoton kai tukunna. A Legas ana kiran 112 ko 767 kyauta. Mu nan da zarar an ga haka sai a ce iska ce ta buge shi a tafi neman mai ruƙiyya, ni ban hana addu'a ba, a yi ta a cikin mota ana tafiya asibiti.

To yanzu inda suka ba ni haushi.

Na farko makara. Sun san muna Agege suka turo mana wadda take zaune Ikorodu, yarinyar nan tana fitowa da duhu amma in gosilo ya riƙe ta a Ketu ko aka yi ruwa shi kenan, ni ina tsaye da jaka ina kallon agogo, maganin safe yana jira. Ba laifinta ba ne, laifin ofis ne da ba sa duba inda ma'aikaci yake kafin su haɗa shi da gida. Na biyu canjin ma'aikata ba sanarwa, kawai ki buɗe ƙofa ki ga sabuwar fuska, ba ta san Hajiya ba, ba a ba ta bayanin komai ba, tsohuwa mara lafiya kuma ba ta son baƙon hannu a jikinta, ranar ko abinci ba ta ci sosai. Wata ta dare da suka taɓa kawowa waya ta sa a gaba har ta yi barci, da safe na duba takardar bango ba sa hannu tun tsakar dare, na kira manaja na ce kar in sake ganinta, gaskiya sun canza ta a ranar kuma sun ba da haƙuri.

Sai maganar kuɗi, abun da suka faɗa a waya na zaman mai kula ne kawai. Safar hannu, famfas na manya, tsinken awon suga, zuwan nas, zuwan mai gashi da motsa jiki wato fisiyo, duk daban ne, a ƙarshen wata lissafi ya zo ya ninka tunaninki. Muna da katin Ilera Eko, inshorar lafiya ta jihar Legas, da shi muke ganin likita, amma kuɗin masu zuwa gida daga aljihunmu yake fita, mu 'ya'ya muke karo-karo. Duk wanda zai ɗauka ya ce a rubuta masa komai a takarda, har da kuɗin ranar hutu da wanda zai ciyar da ma'aikaciyar, kuma ya karɓi rasit.

Babbar matsalar dai ita ce yare da addini. Hajiya ba ta jin Turanci, Yarbancinta na cefane ne, ga harshe ya yi nauyi, tana cewa fitsari 'yar nan tana miƙo mata ruwa, har hawaye na ga ta yi don takaici. Dole muka rubuta kalmomi muka manna kusa da gado, ruwa, fitsari, zafi, juya ni, sallah. Tsarki ma sai da na koya musu, cewa goge-goge da tishu bai wadatar da ita ba sai an sa ruwa, kuma in lokacin sallah ya yi a gyara mata jiki a fuskantar da ita gabas a ajiye mata dutsen taimama in alwala ta gagara. Ta yinin ta koya da zuciya ɗaya, yanzu ita ke cewa Mama, azahar ta yi. Amma ofis ko tambaya ba su yi ba suka turo namiji ya yi mata fisiyo, Hajiya ta ja mayafi ta juya kai bango, aka yi asarar kuɗin motarsa da ranar gaba ɗaya kafin a samo mace. Kamfanin da ke aiki a garin da ke da unguwannin da Hausawa suke da yawa irin su Agege da Idi-Araba da Obalende da Alaba Rago bai kamata a ce wannan sabon abu ne a wurinsa ba.

Yanzu Hajiya tana zama da kanta, tana takawa zuwa banɗaki da sanda in an riƙe ta, mun sallami ta dare mu muke kwana da ita bi da bi tunda mun koyi aikin, ta yini ce kawai ta rage sai nas da ke leƙowa. Na ce wa manajar su nemi 'yan mata masu jin Hausa su horar da su, gidaje irin namu suna da yawa kuma kunya ce kawai take hana su nema. Ta ce ba sa samun masu zuwa neman aikin ne, in na san wasu da suka gama sakandare kuma suna da haƙurin tsofaffi in turo mata su. Na riga na yi wa malamar Islamiyyarmu magana ta sanar wa ɗalibanta ranar Asabar.