Guba, ɗanko ko tarko, a gidan da ke da kyanwa da tsuntsaye

Hajiya, kin ce kina zuba wa tattabaru da kurciyoyi gero a saman benenku a nan Makka, ɓeraye sun gane wurin har sun fara saukowa kicin, ga kyanwa da 'ya'yanta a gidan. Mai bakala, wato kantin unguwa, ya ce guba, maƙwabciya ta ce ɗankon da ke manne ɓera. Ni dai tarko zan ce miki, amma bari ki ji dalili.

Gubar da aka fi sayarwa ita ce mai kama da dunƙulen alewa ko ƙwayar hatsi, shuɗiya ko koriya ko ja. In kin duba bayan kwalin za ki ga an rubuta brodifacoum ko bromadiolone. Aikinta hana jini daskarewa, kuma ba ta kisa nan take. Ɓera zai ci yau, ya yi kwana 3 zuwa 5 yana yawo, wani ma har mako, yana ƙara galabaita. To wane ɓera ne ya fi sauƙin kamu ga kyanwa, in ba wannan mai tangaɗi ba? Gubar tana taruwa a hantarsa, kyanwa ta cinye, ta koma jikinta. Babbar kyanwa na iya tsira daga guda ɗaya, amma mai ci yau da gobe tana cikin haɗari, balle 'yan ƙanana. Mujiya da shirwa ma haka suke kwasa. Ga kuma wadda aka yi da hatsi, wadda kurciya ba za ta bambanta ta da geronki ba.

Idan ƙaddara ta faɗa, alamun ba sa fitowa sai bayan kwanaki: kasala, dasashi ya yi fari fat, numfashi da ƙyar, wani lokaci jini ta hanci ko a kashi. Wannan tana da makari, bitamin K1, wanda likitan dabbobi ke bayarwa na tsawon makonni. Kada ki jira alama, ki ɗauki kyanwar da kwalin gubar ku tafi. Kuma don Allah a bar ɗura madara ko manja, irin yadda muka saba a gida.

Akwai wadda ta fi wannan muni, baƙar hoda mai warin tafarnuwa da ake ƙullawa a leda ba suna ba komai. Galibi zinc phosphide ce. Da ta isa ciki sai ta saki iska mai guba, ba ta da makari, har aman dabbar da ta ci na iya cutar da mai sharewa. 'Yar uwarta, ƙwayar da ake sa wa buhunan hatsi a sito, ta kashe yara a Jidda, wasu ma ba a ɗakinsu aka sa ba, iskar ce ta bi ta shiga daga maƙwabta. An hana amfani da ita a gidajen zama. Ko kyauta aka ba ki, kar ta ƙetare ƙofarki.

Ko da guba ta yi abin da ake so, ɓeran ba ya mutuwa inda za ki gan shi. Bayan kabad ko cikin silin zai shige, a zafin Makka da ke haura digiri 40. Kin san sauran.

Ɗanko ba ya tambayar wa ya taka. Tsaka, ɗan kyanwa, kurciyar da ta sauko tsinta, duk ɗaya ne a wurinsa, kuma ɓeran da ya kama sai ya kwana yana kuka yana fizga. An yi mana umarni in za mu kashe mu kyautata kisa. Sannan ki tuna inda kike zaune. Ɓera na cikin abubuwa biyar da hadisi ya halatta kashewa ko a cikin Harami, tattabara kuwa ba ta ciki, har an ruwaito daga sahabbai cewa fansar tattabarar Harami akuya ce. Hukuncin wadda ta mutu bisa kuskure sai ki tambayi malamai, amma me zai kai ki? In wani abu ya riga ya manne, man girki ake ɗiga wa wurin a hankali har ya saki.

Tarkon ƙarfe mai ɗanawa shi ne ke kisa nan take, ki ga gawar da idonki, kuma ba ya barin guba a jikin kowa. Aibinsa ɗaya, yana iya karya ƙafar kyanwa ko tsuntsu, shi ya sa ba a barin sa a fili. Ki sa shi cikin kwali ko akwatin roba mai murfi, ki huda ƙofa ta gefe biyu daidai shigar ɓera, ki ɗora bulo a kai. A jikin bango ake ajewa, ɓangaren abincin na fuskantar bangon, don ɓera ba ya ratsa tsakar ɗaki, gefe yake bi. Inda kika ga kashinsa da baƙin maiƙo a bango, nan ce hanyarsa. Ɗan tunkuza ko ɓarin dabino ya isa, a manna shi sosai yadda sai ya ja. Ƙaramin kusu yana da karambani, daren farko yake faɗawa. Babban ɓera mai hawa waya da dabino yana tsoron sabon abu, don haka ki bar tarkon da abinci ba a ɗana ba dare biyu ko uku, sai ya saki jiki. Tarko ɗaya wasa ne, ki jera da yawa. Gawar kuma da safar hannu ko leda ake ɗauka.

Kyanwar fa? Tana rage ƙananan kusa, amma yawancin kyanwoyi na kauce wa babban ɓera, kuma kurciya ta fi mata daɗin kamu. Ki rufe ta a ciki lokacin da tsuntsaye ke ci.

Sai dai fa Hajiya, in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Kusu ɗaya abin da yake ci a rana bai wuce giram 3 ba, macen kuma cikin kusan kwana 20 take haihuwa, 'ya'ya biyar zuwa shida. Geron da ya kwana a saman bene ya ishi zuri'a guda. Ki dakatar da zuba hatsin na mako biyu yayin da tarko ke aiki, tsuntsayen ba za su rasa abin ci ba. In kin dawo, da hantsi kawai, a tire kan teburin ƙarfe, daidai abin da za su cinye cikin awa guda, a share ragowar. Ban da guntun shinkafa da burodi. Buhun geron ya koma cikin durom mai murfi, kwanon kyanwa kar ya kwana da abinci. Ruwan tsuntsaye a zubar da shi da magariba, don babban ɓera sai da ruwa, ga kuma sauron zazzaɓin dengi da ke ƙyanƙyasa a ruwan da ya kwanta, wanda Makka da Jidda sun san shi.

Ramin da fensir zai shiga, wato kamar milimita 6, kusu zai shiga. Ki duba inda bututun mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) da na ruwa suka huda bango da ƙarƙashin ƙofa, a cusa soson ƙarfe a bi da siminti. In kuwa daga kwata ko kangon maƙwabta suke fitowa, ya fi ƙarfin gida ɗaya, sai a kira baladiyya, wato hukumar birni, a lambar waya 940. In sun zo da guba, ki gaya musu akwai kyanwa da tsuntsaye, su sa ta cikin akwati mai makulli, a wajen gida.