Hitar sola mai tankin lita 200: hunturu biyu da na yi da ita a Bauchi

A gidanmu da ke Fadaman Mada mu goma sha ɗaya ne, banɗaki uku, kuma kowane hunturu rigimar asuba iri ɗaya ce: wa zai fara samun ruwan zafi. Inna, mahaifiyata, ta haura shekara 80, ga ciwon gwiwa. In ta yi alwala da ruwan randa a watan Janairu, ranar sai dai ta yi sallah a zaune. Ga yara biyar masu sammakon makaranta. A da maiɗakina ce ke tashi tun kafin assalatu ta hura gawayi ta ɗora ƙatuwar tukunya, in kuma an ci sa'a akwai wuta, a tsoma hita a bokiti. Ranar da autarmu ta zura hannu don ta ji ko ruwan ya yi, wuta ta fizge ta ta maka da bango, a ranar na sa almakashi na datse wayar hitar. Allah ya taƙaita, kuka kawai ta sha.

Da dare nake ba ƙanina labari. Ma'aikacin jinya ne a Bradford ta ƙasar Ingila. Ya ce, "Yaya, bari in nuna maka namu." Ya juya kyamarar waya, ya buɗe wata kabad a kicin, sai ga farin akwati manne da bango, bai kai ƙaramin firij ba. Ya ce wannan ita ce sistem boila. Gas ne ke zuwa mata ta bututu daga titi kamar ruwan famfo. Ta ƙona shi ta zafafa ruwa, wani ɗan inji da ke cikin akwatin ya tura ruwan ɗaki-ɗaki ta cikin wasu faffaɗan ƙarafa da ke jikin bango, irin lagireton mota, su ke ɗumama gidan. Wannan ruwa a kulle yake, ba a sha, ba a wanka da shi, zagayawa kawai yake ya dawo. Daga nan ya hau bene ya buɗe wata ƙofar, ga dogon tanki a tsaye kamar ganga, an lulluɓe shi don kada ya huce. A cikinsa akwai bututu naɗe kamar gammo, ta nan ruwan boilar ke bi ya ba ruwan wanka zafinsa ba tare da sun gauraya ba. Ya nuna mini ɗan agogon auna ƙarfin ruwa da ke gaban akwatin, allurarsa tsakanin 1 da 1.5, in ta faɗi ƙasa da haka sai ya buɗe wani bawul ya ƙara ruwa. Tankin kuma a digiri 60 ake barinsa, domin a ruwa mai ɗumi-ɗumi ne ƙwayar cutar Lejiyonela, mai haddasa ciwon huhu, ke hayayyafa.

Ya ce a gidan hayar da ya fara zama kombi ce, wadda ba ta da tanki, sai ka buɗe famfo take zafafa ruwan nan take. Ga gwauro ta yi, amma da zarar mutum biyu sun buɗe shawa lokaci guda, kowa sai ya kama ƙorafi. Mai tankin kuwa banɗaki biyu na iya aiki tare, illarta dai in tankin ya ƙare sai a jira ya sake ɗaukar zafi.

Washegari na kai wa mai aikin famfona bidiyon. Ya kalla har ƙarshe, ya yi murmushi. "Yallaɓai, ɗumama ɗaki a Bauchi? Wata biyu za ka ji daɗi. Maris na kamawa kai da kanka za ka kira ni in zo in ɓalle su. Kuma ina bututun gas ɗin? Da silinda za ka riƙa ciyar da ita?" Gaskiyarsa. Amma ya ce rabin dabarar namu ne, wato tankin. A cire gas a sa rana.

Abin da na sayo ke nan: tanki kwance mai cin lita 200, da bututun gilashi 20 jere a ƙarƙashinsa kan firam na ƙarfe, kowanne tsawonsa mita 1.8. Duk wanda ya taɓa fasa fulas ɗin shayi ya leƙa cikinsa ya san sirrin. Gilashi biyu ne, ɗaya cikin ɗaya, an zuƙe iskar da ke tsakaninsu, don haka zafi in ya shiga ba ya samun ƙofar fita. Ruwan da ya yi zafi a bututu yana hawa tanki da kansa, mai sanyi ya gangaro ya maye gurbinsa. Babu inji, babu batir, babu inbata. Da tsakar rana ka dafa gilashin ka ji shi ba zafi, alhali ruwan ciki zai iya salluɓe maka fata. Akwai kuma elimen na lantarki mai wat 1,500 na ko-ta-kwana. Farashinta bin dala yake, amma in na haɗa hitar da fayif da mai walda da ladan aiki, na kashe abin da zai sayi ragunan layya biyu na nuna wa sa'a.

Mai shagon da na saya a wurinsa mutumin kirki ne, zan ba shi haƙƙinsa. Ya tambaye ni mutum nawa ne a gidan, da na faɗa ya ce in ɗauki mai lita 300. Na ɗauka dabarar 'yan kasuwa ce, na ƙi. Ashe shi ne mai gaskiya. Ya kuma ƙara mini bututu biyu kyauta, ya ce in adana, wata rana za su yi rana.

Ranar ba ta yi nisa ba. Mai aikin famfona ya tafi wani aiki Gombe, ni kuma na kasa haƙuri, na karɓi yaran shagon su haɗa mini. Sun gama jera gilasan tun hantsi, suka tafi cin abinci, suka dawo wajen ƙarfe biyu suka buɗe ruwa. Bututun da ya wuni a rana ba ruwa ya riga ya zama garwashi a ciki, ga ruwan sanyi ya faɗa masa. Ina tsaye a ƙasa na ji "ƙas!", sai ruwa ya fara zubowa kamar indararo. A irin wannan hita ruwan tankin ne kai tsaye ke cikin gilasan, ɗaya ya fashe, duk tankin ya tsiyaye. Da sassafe ko da dare ake cika ta, babu wanda ya faɗa musu. Bayan mako uku kuma na ga wani ɓangaren fayif ya lanƙwashe kamar taliya: koren fayif ɗin PPR na ruwan zafi ne ya ƙare musu, suka cike da farin PVC, wanda ba ya jure zafin da ya haura digiri 60. Da mutumina ya dawo ya sake shi, yana yi yana girgiza kai. Shi ne ma tun farko ya hana ni ɗora ta a rufi. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, kilo 200 ban da ƙarfe da gilashi, a kan katakon zamanin nan? Mai walda ya yi mata gado kusa da hasumiyar tankinmu, aka fuskantar da ita kudu, domin a hunturu rana can take karkata.

Ni malamin kimiyya ne a sakandare, ba na iya barin abu ban auna ba. A ranar da sama take garau a watan Disamba, da la'asar ruwan kan wuce digiri 70, da asuba in same shi wajen 60. Wannan shi ne abin da na biya kuɗi dominsa. Rana da azahar take aikinta, mu kuma da asuba muke buƙata, saboda haka duk darajar hitar tana ga yadda tankin ke riƙe zafi cikin dare, kuma a nan ba ni da abin cewa sai sambarka. Ranar da hazo ya rufe gari har ba a hango duwatsun bayan gari, ba ya wuce 45, ya ishi alwala da wankan mutum huɗu ko biyar, sauran su koma ga gawayi. Ƙura ma tana cin rabonta. In aka yi mako ba a goge gilasan ba, sai ka ga sun yi fari fat, zafin ya ragu. A watan Agusta da aka yi marka kwana uku a jere, ruwan ya koma kamar na Wikki da ke Yankari, mai digiri 31: daɗin iyo, ba na gasa gwiwa ba.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Duk bokitin zafi da aka ɗiba, bokitin sanyi ne ke shiga a madadinsa. Makonmu na farko samarin gidan suka gano daɗin wankan dare, kullum da asuba sai mu tarar da ruwa salam. Dole na kafa doka. Bayan la'asar a rufe bawul ɗin da ke shigar da ruwa, bayan magariba babu mai taɓa jan famfo, wato na ruwan zafi, sai Inna, da safe kuma ana gama wanka a buɗe bawul ɗin tun rana ba ta yi zafi ba, kada mu maimaita fashewar gilashi. Ɗana na uku ne mai wannan muƙami. Da na sayi mai lita 300, da ban zama ɗan sanda a gidana ba.

Babban abin da ya ba ni haushi shi ne ƙarfin ruwa. A bidiyon ƙanina shawa na feshi kamar tiyon wankin mota, domin tankinsa a kulle yake, ƙarfin ruwan gari ne ke tura shi. Nawa tudu kawai ya dogara da shi. Tsayin mita 10 ne ke ba da ƙarfi na ma'auni 1 a irin agogon nan nasa. Hitata mita 4 take daga ƙasa, kan shawa mita 2, saura mita 2 ke nan, kashi ɗaya cikin biyar. Ruwan sanyi kuma daga tankin da ya fi ta tudu yake saukowa, don haka a famfo mai gauraya biyun, sanyin ne ke danne zafin. Ka murɗa kaɗan ka daskare, ka murɗa kaɗan ka ƙone. Mun haƙura da shawa, mun koma tara a bokiti mu sirka. Mai shago bai faɗa mini wannan ba, kuma ya kamata ya faɗa.

Banɗakin Inna shi ne mafi nisa, fayif ɗinsa ya kai mita 15. Ranar farko ta buɗe famfo ta tara hannu, ta leƙo tsakar gida. Ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari. "Kai yaron nan, famfon naka ƙarya yake yi."

"Inna, ku ɗan ba shi lokaci."

Sai da ruwan da ya kwana a fayif, kusan lita 3, ya gama fita, sannan tururi ya biyo. Ta janye hannu da sauri ta ce, "A'uzubillahi, ashe da gaske yake." Tun daga ranar takan tari na farkon a tsohuwar roba ta ba kajinta.

Mai ƙananan yara ya kula da bazara. A watan Afrilu ruwan tafasa yake yi, har ka ga tururi na fita ta ɗan bututun numfashi da ke saman tankin. Kada wanda ya toshe wannan bututu wai don yana ɗiga. Ni na sa an ɗaga jan famfon tsakar gida inda autar ba ta kaiwa. Ruwan burtsatsenmu kuma yana barin farin dutse a ciki irin na gindin butar shayi, sai da muka zubar muka wanke tankin bayan shekara.

Gwajin gaske ya zo da babbar 'yata ta dawo gida wankan jego na haihuwar fari, kwana 40, safe da yamma. Na yi ta murna cewa bana babu sayen itace. Inna ta ce sam, ruwan da bai ga wuta da ganyen darbejiya ba ba ruwan jego ba ne. Na kawo mata zancen likitoci da suka daɗe suna jan kunne kan ruwa mai tsananin zafi da yawan kunun kanwa, ta dube ni ta ce da wanne aka yi nawa. A ƙarshe maiɗakina ce ta raba gardama: a ɗebo na sola a zuba a tukunya, a jefa ganye, a ba shi wuta kaɗan ya tafasa, a sirka daidai jiki. Itacen da muka saya bai kai rabin na haihuwar autarmu ba.

Elimen ɗin lantarkin sau uku kacal na kunna shi, ga dalili. Ɗaga lita 200 daga digiri 20 zuwa 60 yana cin yunit 9 da ɗoriya, kuma mai wat 1,500 sai ya yi sama da awa shida yana aiki. A farashin naira 225 kowane yunit da aka sanya wa masu amfani da lantarki 'yan rukunin A a watan Afrilun 2024, cika ɗaya ya haura naira 2,000. Wanda yake su biyu ne da matarsa a gidan haya, ƙaramar hitar bango mai lita 15 ko 30 ta ishe shi, kada ya wahalar da kansa da gadon ƙarfe. Mai gidan kansa da tsofaffi da 'yan makaranta, ya saya, amma ya ɗauki babba, ya ɗaga ta sama gwargwadon iko, ya kuma tsaya a kan masu haɗawa da kansa.

Ni yanzu ɗan injin ƙara wa ruwa ƙarfi nake tara wa kuɗi, ko ma dawo da shawa. Ɗana mai kula da bawul ya ƙara kuɗin gugar gilashi daga naira 200 zuwa 300 duk Juma'a, wai tsani na girgiza. Inna kuwa har gobe tana cika tsohon fulas ɗinta da dare ta ajiye a gindin gado, ta ce ba ta san ranar da famfon zai sake yin ƙarya ba.