Sharhi: ajin Tai Chi na safiya a filin shaƙatawa

Tai Chi motsa jiki ne na gargajiyar ƙasar Sin da ake yi a hankali. Abin da aka fi koyarwa a azuzuwan safiya na lambunan Beijing da Guangzhou shi ne tsarin motsi 24, wanda hukumar wasanni ta ƙasar Sin ta fitar a 1956 bayan ta taƙaita salon Tai Chi na iyalan Yang. Wanda ya haddace shi, minti shida ya ishe shi. Ajin da na halarta awa guda ne: minti goma na sassauta gaɓoɓi, minti biyar zuwa goma na tsayuwa cak, gwiwa a ɗan lanƙwashe, hannuwa a zagaye daidai ƙirji, sauran lokacin kuma bitar motsi biyu ko uku. Babu sujada, babu addu'o'in wani addini. Gaisuwa kawai ake yi, a dunƙule hannun dama a jingina shi da tafin hagu.

Wanda ya zo neman natsuwa ya sani ba ta zuwa a makonnin farko. Cinya na rawa, hankali ya tafi ga tuna wace ƙafa ce za ta fita. Sai jiki ya riƙe jerin da kansa sannan numfashi ke sauka ciki, kafaɗu su saki, tunani ya daina tsalle-tsalle. Kada a tilasta wa numfashi bin motsi tun daga farko, jiri yake kawowa. A shaƙa ta hanci, a bar shi ya daidaita.

Aibin ajin fili shi ne malami yana gaba, ɗalibai na kwaikwayon bayansa, ba mai duba gwiwar kowa. Ciwon gwiwa kuwa daga nan yake tasowa: ko a bar ta ta zarce yatsun ƙafa, ko ta karkata ciki, ko a juya ƙafar alhali nauyi na kanta. Gyaran shi ne a mayar da nauyi ƙafar baya, a ɗaga yatsun ta gaba, a juya bisa dunduniya, sannan a dawo. A tsayuwar baka, wato ƙafa ɗaya a gaba da gwiwa a lanƙwashe, ɗayar a miƙe a baya, kusan kashi 70 na nauyi a gaba, 30 a baya, tsakanin ƙafafu kuma a bar faɗin kafaɗa. Masu jera su a layi ɗaya su ne ke tangaɗi.

Takalmin gudu mai kaurin ƙasa bai dace ba, yana kama ƙasa ya murɗe gwiwa. Na yadi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa irin Feiyue ya fi. Daɓe ko busasshiyar ƙasa madaidaiciya ta fi ciyawa mai raɓa, wadda ke da santsi. Mai yi a ƙasar Hausa lokacin hunturu ya jira ƙura ta lafa.

A ganina ajin ya cancanci a shiga, amma sabon shiga ya fara samun wanda zai gyara masa tsayuwa ido da ido, ko da zama uku ne, kafin ya bi sahun taro.