Mun ɗauko mai nazari ta binciki tsarin shagonmu na Alabar: abin da na gani bayan wata tara

Shagonmu yana Alabar a birnin Kumasi na ƙasar Gana, siton kuma yana unguwar Aboabo. Shinkafa, sukari, fulawa, man girki da tumatirin gwangwani muke sayarwa a sari, galibi ga masu tebur na kasuwar Kejetia da mata masu dafa shinkafa da wake, sai wasu 'yan kasuwa da ke ɗora kaya a mota zuwa Tamale da Bawku. Baba ne ya kafa shi tun ban zo duniya ba. Shekara shida ke nan da ya miƙa mini makulli, amma har gobe bayan azahar yana nan a kujerarsa, kuma littafin bashi a hannunsa yake kwana. Abokai da dama sun tambaye ni ko kuɗin da muka biya wani ƙaramin kamfanin nazarin kasuwanci ya yi amfani, shi ya sa na zauna in rubuta amsar sau ɗaya.

Damuwar ta fara ne a 2022. Ciniki na tafiya, sito na raguwa, amma idan lokacin saro sabon kaya ya yi sai kuɗin ya ƙi cika. A watan Disamba na shekarar hauhawar farashi a Gana ta kai kashi 54.1 cikin ɗari, don haka na ɗora laifin a kan tsada. Da farashi ya fara lafawa giɓin bai rufe ba. Daga nan zargi ya shigo zuciyata, na fara kallon yaron sito da wani ido, yaron da ya yi shekara tara tare da mu.

Shawarata ita ce in sayi manhaja. Masu talla uku sun zo da kwamfutocinsu, kowa na nuna mini allo mai launuka. Ƙanwata da ke aikin banki ce ta tsayar da ni. Ta ce, "Yaya, tela ba ya yanka yadi sai ya auna mutum. Kai ko ma'auninka ba ka sani ba." Ita ta haɗa ni da kamfanin. Baba da farko ya ƙi, ya ce baƙo ba zai buɗe masa littafi ba. Gobarar da ta cinye shaguna a Adum a watan Maris na 2025 ce ta sauya masa ra'ayi, da ya ji yadda wasu suka rasa kaya suka kuma rasa takardun da ke nuna wa suke bi bashi. Bayan babbar sallah muka sa hannu: aikin mako uku, kuma an rubuta ƙarara cewa su ba sa sayar da manhaja, ba sa karɓar la'ada a wurin masu sayarwa. Wannan sharaɗin shi ya fi kwantar mini da hankali, kuma duk wanda zai nemi irin wannan aiki ya tabbata an rubuta shi.

Wata matashiya suka turo, 'yar Asawase, tana jin Hausa da Twi. Kwana huɗu na farko ko kalmar kwamfuta ba ta furta ba. Benci ta samu a gefen ƙofa, da littafi da biro, tana kallo. Ta ce min buhu ɗaya take so ta bi, daga sa'ar da aka sauke shi daga motar Tema har sa'ar da kuɗinsa ya shiga hannunmu, ta ga wa ya taɓa shi, wa ya rubuta wani abu a kansa, a ina, da wane lokaci. Ta bi aboboyaa, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, zuwa Aboabo ta dawo. Sannan ta zauna da kowannenmu shi kaɗai: ni, Baba, ƙanina mai rubuta rasit, yaron sito, direba. Tambayarta kusan ɗaya ce ga kowa: "Nuna min na jiya." Idan ka fara faɗa mata yadda ake yi a ƙa'ida, sai ta yi murmushi ta ce, "To Yaya, na jiya fa, haka aka yi?"

A rana ta biyar ta yaga kwalin tumatir ta zana mana tafiyar kayanmu a bayansa. A nan na fara ganin cewa labarin ciniki ɗaya a wuri biyar muke ajiye shi: littafin sito, littafin rasit na shago, littafin bashin Baba, saƙonnin MoMo (kuɗin da ake turowa ta waya) a waya biyu, da saƙonnin murya na WhatsApp. Babu lamba ɗaya da ta haɗa su. Duk wurin da mutum ke kwafe abu daga wani littafi zuwa wani, ta sa masa jan biro. Jan ya yi yawa.

Abu na farko da ta tono shi ne MoMo. Lokacin da aka kawo harajin tura kuɗi a watan Mayu na 2022, kashi 1.5 cikin ɗari, masu sayen kayanmu da yawa suka daina turo kuɗi daga wayarsu, suka koma wurin wakili su ba shi tsabar kuɗi ya zuba mana. An soke harajin a watan Afrilu na 2025, amma sabo ya riga ya kama jiki. Saƙo sai ya zo da sunan wakili, ko sunan ɗan Hajiyar da ta sayi kayan, ko na maƙwabciyarta. Ƙanina yana ganin kuɗi ya shigo bai san na wa ba ne, Baba yana ganin sunan Hajiya a littafi ba a soke ba. Akwai waɗanda muka yi ta bi da kuɗin da suka riga suka biya, akwai kuma waɗanda aka soke musu bashi da kuɗin wani.

Na biyu laifina ne. Mutane kan turo mini saƙon murya da daddare, "Alhaji ƙarami, a kawo min fulawa goma da asuba." Sai in buga wa yaron sito, ya loda, direba ya kai. Rasit sai na iso shago, idan ban manta ba. Ta ɗauki saƙonnin mako biyu ta jera su da littafin rasit, ta nuna min guda bakwai da kaya suka fita babu takarda. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma yi min kara ba.

Na uku, buhun da aka farke. Sito buhu yake ƙirgawa, mai kilo 50. Shago kuwa idan aka farke buhu don masu ƙaramin ƙarfi, da olonka, gwangwanin awo, ake aunawa, kuma babu wanda ya taɓa rubuta cewa an farke. Na huɗu ya ba ni mamaki fiye da duka. Tun watan Yuli na 2007 aka cire sifiri huɗu daga sidi, kuɗin Gana, amma Baba, kamar yawancin dattawan kasuwa, har yau da tsohon kuɗi yake lissafi. Idan ya rubuta 20, miliyan 20 yake nufi, wato sidi 2,000. Ƙanina da ya taso da sabon kuɗi yakan rubuta a shafi guda da nasa lissafin. Shafi ɗaya, kuɗi iri biyu.

Wata Lahadi muka rufe muka ƙirga sito kaf. Da aka mayar da rasit ɗin da ban rubuta ba da buhunan da aka farke, littafin yaron sito ya fito daidai, sai katan biyu na tumatir da bera ya ɓata kwalinsu. A cikin littattafanmu biyar nasa ne mafi tsafta. Da yamma na kira shi bayan shago na nemi gafararsa. Ya ce, "Yaya, ai na sani kana zargina, na bar wa Allah ne." Ko da aikin ya tsaya a nan, ni dai na ga abin da na biya.

Sai takardar buƙatu, wadda ita ce ainihin abin da ake saye. Ta kasa buƙatunmu gida huɗu: na dole, waɗanda ya kamata, na in da hali, da waɗanda ba yanzu ba. Abin da ya burge ni shi ne kowace buƙata tana da gwajinta a ƙasa. Misali, ba ta rubuta "a riƙa bin bashi da kyau" ba. Ta rubuta cewa idan mai saye ya ɗauki kaya ya biya rabi da tsabar kuɗi, ya turo wani abu ta wayar wani bayan kwana uku, dole tsarin ya nuna ragowar a ƙarƙashin sunansa cikin ƙasa da minti ɗaya. Ta rubuta cewa dole ya yi aiki a waya, ya ci gaba da karɓar rubutu idan wuta ta ɗauke ko intanet ya yanke, ya tura idan ya dawo. Dole ya san buhu ya san olonka. Mutum biyu kawai za su iya canza farashi, kuma a ga wanda ya canza. Dole kwafin bayanai ya kwana a wani wuri ba cikin shago ba. Ta kuma ja kunnena cewa sunaye da lambobin waya da bashin mutane amana ce da dokar kare bayanai ta 2012 ta shafa, don haka a tambayi duk mai sayar da manhaja inda yake ajiye su da wanda ke iya gani. Haɗa tsarin da rasit na lantarki da hukumar haraji ta GRA ta fara da manyan kamfanoni a 2022, ta sa shi a gidan ba yanzu ba.

Da wannan takarda muka sake kiran masu tallar nan uku. Wannan karon mu ke tambaya. Wadda na fi so tun farko ta faɗi a gwaji na biyu, da muka kashe intanet sai ta tsaya cik. Ɗayar ba ta san a farke buhu ba. Ta uku, mafi sauƙin fuska, ita ta ci mafi yawan gwajin. Amma tun kafin mu saya, matashiyar ta sa mun gyara abu uku da ba sa bukatar ko sisi: lambar MoMo ɗaya ta shago, lamba ga kowane ciniki wadda mai biya zai ambata, da dokar cewa kaya ba ya barin Aboabo sai da takarda, ko da ni na buga waya. Rabin sauƙin da muka samu daga waɗannan ukun ya zo.

Yanzu inda ban ji daɗi ba. Rahoton da ofishinsu ya miƙa mana shafi 41 ne, duka da Turanci mai nauyi, kuma kusan rabinsa bayani ne da za a iya miƙa wa kowane shago. Baba bai iya karanta ko shafi ɗaya ba, alhali shi ne mai riƙe da littafin da ake magana a kai. Sai da na roƙa sau biyu kafin ta zo ta karanta masa muhimman wuraren da Hausa. Har yau kwalin tumatir ɗin nan ya fi rahoton amfani a shagon, yana manne a bango.

Na biyu, batun bashi. A rubutun farko sun sa cewa duk wanda bashinsa ya wuce kwana 14, tsarin ya hana a ba shi kaya. Baba ya saurara har ƙarshe, ya ce, "'Yata, kin ga waccan mai shinkafar? Mijinta ne ya ba ni kaya bashi lokacin da ba ni da ko tebur. Ya rasu. Na'ura ce za ta ce kada in ba ta?" Ta yi shiru, ta ce, "Baba, kuskurena ne, na auna kuɗin ban tambayi dalili ba." Aka mayar da shi gargaɗi: tsarin ya nuna kwanakin da bashi ya yi, Baba ko ni mu yanke, a rubuta wanda ya yanke. Na yaba da yadda ta karɓi gyara, amma mutumin da ya yi mako biyu a Zango yana tambaya ya kamata ya gano wannan da kansa.

Na uku sai da azumi ya zo muka gan shi. Nazarin an yi shi a lokacin da kasuwa ke kwance. Babu wanda ya tambaye mu yadda shagon yake a watan Ramadan, mu ma ba mu faɗa ba. Sukari da shinkafar da Baba ke fitarwa sadaka, da zakka, da kayan da masu hali ke biya a raba wa masallatai, ba su da gurbi a tsarin. Ba ciniki ba ne, ba bashi ba ne, ba ɓarna ba ce. Wata guda cur ƙanina yana rubuta su a takarda daban.

Kuɗin nazarin ya kai hayar sitonmu ta wata uku, kuma yarjejeniyar ta ƙare ranar da aka miƙa rahoto, duk zuwan da ya biyo baya da kuɗinsa. Ga mai tebur ɗaya da ke ganin kayansa da idonsa, wannan asara ce, littafi mai kyau ya ishe shi. Wanda yake da sito daban da shago, da hannu sama da uku a kan kuɗi, da bashi a waje, shi nake ba shawara ya yi, kuma ya yi kafin ya sayi komai. Ya nemi a turo wanda ke jin yaren ma'aikatansa, ya sa a rubuta ziyara biyu bayan an fara amfani da tsarin, ya kuma kai mai nazarin ta ga shekararsa duka, da azumi da sallah da damina.

Littafin Baba yana nan a hannunsa. Kullum bayan la'asar ƙanina yakan zauna kusa da shi, Baba na karantowa da miliyan, shi yana shigarwa da sidi. Na riga na buga wa matashiyar waya, za ta dawo cikin Rajab mu rubuta gurbin sadaka da zakka kafin wani azumin.